Daga Bakin Kogin Thames: Abin da Tuƙin Kwalekwale Ke Yi wa Matashi

Assalamu alaikum jama'a, musamman mutanen Zazzau, na Birni da Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru. Yau muna Putney, a bakin kogin Thames a Landan, inda ake tashin tseren jami'o'in Oxford da Cambridge, gasar da ta samo asali tun 1829. Amma ba manya na zo nuna muku ba. Ku dubi yaran can da suka saɓo jirgi a kafaɗa suna gangarowa bakin ruwa, samari da 'yanmata. Iyaye da malaman makaranta, ku na fi so ku kalli wannan har ƙarshe.

Bari in matso da kyamara. Kwalekwalen tsere ba irin na masunta ba ne. Na mutum ɗaya tsawonsa wajen mita 8 ne, nauyinsa kilo 14 kacal, ga shi siriri, da ƙyar yake ɗaukar mazaunin mutum. Na mutum takwas yakan kai mita 18. Matuƙi baya yake ba wa inda za shi. Kujerarsa tana kan 'yan tayoyi, tana gaba tana baya a kan dogo biyu, takalma kuma a ɗaure suke a jikin jirgin. Kun ga igiyar nan a dunduniyar takalmi? Ba a barin dunduniya ta ɗaga da yawa, don idan jirgi ya kife ƙafa ta zare nan take. Koci nagari sai ya duba ta kafin a shiga ruwa.

A Ingila yaron da bai kai ajin 'yan shekara 15 ba filafili biyu yake riƙewa a gasa, ɗaya a kowane hannu. Filafili ɗaya a gefe guda yana murɗa jiki, shi kuwa ƙashin baya bai gama ƙwari ba.

Darasin farko iyo ne. Ana so yaro ya yi mita 50 da kaya marasa nauyi a jikinsa, ya tsaya a ruwa mai zurfi minti 2 bai taka ƙasa ba, ya nutse ya yi mita 5 a ƙarƙashi. Sannan a sa shi a jirgi a kifar da shi da gangan, koci na kusa. Zai zare ƙafa, ya fito, ya rungumi jirgin, domin jirgin ba ya nutsewa, wanda ya sake shi ya nufi gaɓa shi ke cikin haɗari. A ganina a nan ake aza tubalin ƙarfin zuciya. Abin da ya fi tsoro ya same shi, ya san abin yi, ya fito lafiya. Ba wanda ya ce masa jarumi ne, shi ya gani da idonsa.

Shi tuƙin, mafi yawan ƙarfinsa daga cinya yake fitowa. Filafili ya shiga ruwa a tsaye, ƙafa ta tura, ƙugu ya biyo, hannu shi ne na ƙarshe. Wajen komawa sai a juya: hannu ya miƙe, jiki ya sunkuya, sannan gwiwa ta tanƙwashe. Komawar ta ninka turawa a tsawon lokaci. A atisaye ana yin bugu 18 zuwa 22 a minti, a tsere ya haura 30.

Kurakuran sababbi sanannu ne. Yaro ya tanƙwashe gwiwa da wuri, sai hannu ya yi karo da ita. Ko ya garzayo da kujera gaba da gudu, nauyinsa ya daki takalma, jirgi ya ci birki. Mafi zafi shi ne filafili ya shiga ruwa a karkace: ruwa ya kama shi ya ja ƙasa, mariƙin ya bugi ciki, wani lokaci har ya tumɓuke mutum daga kujera. Yawanci damƙar mariƙi da ƙarfi da rashin gama juya filafili kafin ya taɓa ruwa ke jawo haka. Maganinsa a sassauta yatsu.

Yanzu ku dubi jirgin can mai mutum huɗu. Kamar mata ne masu lugude a turmi ɗaya, idan taɓarya ɗaya ta makara kowa ya ji a hannunsa. A ƙwallon ƙafa yaro mai kunya zai iya laɓewa a gefen fili har a tashi. A jirgi babu maɓoya, kuma babu tauraro. Idan ɗaya bai zo ba, ukun ba za su fita ba. Ɗan shekara 14 ya san cewa da asuba ana jiran shi, shi ɗin nan, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da yake ganin ba wanda ya damu da shi. Ƙaramin cikinsu ma yana da gurbi: shi ake ba sitiyari da rigar kariya, ya ja ragamar waɗanda suka fi shi girma, ya koyi ba da umarni da murya ba rawa.

Ta fannin lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na minti 60 kullum. Tuƙi yana biya, kuma ba ya dukan gwiwa kamar gudu. Waya tana can a ajiye, hankali yana kan bayan wanda ke gabanka, dare ya yi barci ya zo da kansa.

Akwai inda abin ke ɓaci, kuma dole a faɗa. Bororo a tafin hannu ba makawa, a wanke da ruwa mai tsabta a rufe har kanta ta fito. Ciwon ƙugu na zuwa ne idan yaro ya gaji ya doro baya amma aka ce ya ci gaba. Kocin da ke matsa wa matashi ya rage ƙiba, ko yake kunyata mai rauni a gaban 'yan uwansa, rusa yaro yake yi. Ga 'ya'yanmu mata, ana tuƙi da hijabin wasanni da dogon wando, sai dai riga kada ta yi jan ƙasa, tayar kujera na cafke ta.

To mu dawo gida. Muna da Galma, muna da Kubanni da madatsar Jami'ar Ahmadu Bello, ga ta Shika. Don Allah kada wani ya ga wannan ya kwashi yara zuwa can. Ruwan kwance a wajenmu yana iya ɗauke da tsargiya, da damina kuma kogi ba ya da tabbas, sannan yaranmu da yawa ba su iya iyo ba. Hanyar tana farawa ne a tudu. Ƙungiyar London Youth Rowing, wadda aka kafa a 2004, injin tuƙi take kai wa makarantun gwamnati, yara su fara a ɗakin motsa jiki kafin su ga kogi. Najeriya ma ba baƙuwa ba ce a wasan, Chierika Ukogu ta wakilce mu a Olamfik na Rio a 2016.

Ga injin nan, ƙirar Concept2. Allonsa da batir yake aiki, ba ruwansa da ɗauke wuta. Maɓallin iska da ke gefen fanka a bar shi tsakanin 3 da 5, kai shi 10 gajiyar da baya kawai yake yi. Allon yana nuna lokacin da mutum ke cinye mita 500, yaro ya rubuta nasa a littafi, bayan wata guda ya gwada da na baya. A gasar makarantu a nan Ingila, 'yan shekara 11 zuwa 12 minti 2 suke yi, kowane aji a ƙara minti ɗaya, manyansu su yi mita 2,000. Inji biyu sun ishi yara goma sha biyu: a raba su gida biyu, kowa ya ja mita 250 ya sauka na gaba ya hau, sau biyu ko uku a mako, da sassafe ko bayan la'asar idan rana ta yi sanyi, kowa da gorar ruwansa. A haɗa da koyon iyo a wurin ninƙaya mai tsabta, ƙarƙashin ƙwararre. Sai yaro ya ci gwajin mita 50 ɗin nan tukuna a fara maganar jirgi.