Dutsen da aka ciro daga rijiya

Habu: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau a gindin tsamiyar ƙofar gida muke, nan gefen Birnin Kudu, ni da kawuna Malam Idi da Yaya Talatu. Kawu, ga abin nan a kan tabarma. Masu haƙar rijiya ne suka ciro shi a gonar maƙwabcinmu, wajen gaba biyar a ƙasa. Mulmulalle ne, ya kai ƙwan jimina. Tun shekaranjiya gari ya ɗauka, wai ƙwan dainaso ne, irin manyan dabbobin nan masu kama da ƙadangare da suka ƙare tun kafin zuwan ɗan Adam.

Talatu: Har an fara taya shi, Kawu. Mai gonar ko barcin kirki ba ya yi.

Malam Idi: Miƙo shi nan. Amma kafin in duba, Habu, me aka riƙa fitarwa daga rijiyar?

Habu: Jar ƙasa, sai marmara, daga nan suka ci karo da dutse mai ƙyalli wanda diga ba ta ci.

Malam Idi: To ka ba ni rabin amsa. Wannan mai ƙyallin ɗan'uwan duwatsun da suka kewaye garin Dutse ne. Asalinsa narkakke ne a can cikin ƙasa, ya huce a hankali ya daskare. Wace halitta za ta shiga wannan wuta ta bar alama? Burbushin halittun da, wato ƙashi ko ƙwarya ko itacen da ya koma dutse, a cikin dutsen da ya samu daga laka da yashi ake samunsa, wanda ruwa ya shimfiɗa hawa-hawa ya binne abin da ya mutu. Shi ya sa nake fara tambayar inda abu ya fito kafin in kalli kamanninsa. Kama da wane ba ta wane.

Talatu: To me ya mulmula shi haka? Ai ba hannun mutum ba ne.

Malam Idi: Damina da rani ne. Ruwa ya ratsa ƙasa ya kwaso ƙarfen da ke cikinta, rani ya zo ya busar, ƙarfen ya taru a jikin wata 'yar tsakuwa. Shekara bayan shekara yana ƙara riga. Dubi nan inda diga ta ɓantare shi.

Talatu: Kamar an yanka albasa.

Malam Idi: Yauwa. Ƙwai na gaske ɓawo ɗaya gare shi, siriri, kaurinsa ɗaya ko'ina, da 'yan ƙofofi mitsi-mitsi da ɗan ciki yake shaƙar iska ta nan. Galibi ma a farfashe ake samunsa, kamar dafaffen ƙwan da aka murza a tafin hannu, don nauyin ƙasa ya danne shi. Wannan kuwa ja ne har zuciya, dunƙulen marmara ne.

Habu: Kai, maƙwabcinmu zai ji ba daɗi.

Talatu: Ni ma da nawa na zo. Wata ɗalibata ta kawo mini wannan falalen, ta ce ganye ne ya zama dutse. Kawu, dubi rassa, wallahi kamar an zana gawo da baƙin tawada. Na kasa ba ta amsa, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Malam Idi: Wannan ya ruɗi manya ma. Shafa shi da yatsa. Kin ji tudu ko kwari?

Talatu: Sumul yake.

Malam Idi: Wani sinadari ne, manganis, da ruwa ya shigar cikin tsagar dutse, ya bushe ya yi rassa. Ganyen gaske yana da jijiya a tsakiya, ƙananan jijiyoyi na fita daga gare ta, yana da baki da ya kewaye shi. Wannan reshe ne kan reshe kawai, babu iyakar ganye. Ki ce wa yarinyar ta yi ido, ta ci gaba da tsinta.

Habu: Sawun da ke kan fa na bayan gari fa? Muna yara ake ce mana na mutanen da ne.

Malam Idi: Wasu ramukan ruwa ne ya ci, wasu kuma wurin niƙa ne na mutanen da ɗin, sai dai hannunsu ne ya yi, ba ƙafarsu ba. Sawun gaske ba ya zuwa shi kaɗai, dama da hagu ne a jere da tazara ɗaya, kuma a laka aka taka shi kafin ta ƙeƙashe. Haka gatarin aradu da manoma ke tsinta: aikin hannu ne, kayan tarihi ne mai daraja kamar zanen Dutsen Habude da ke nan kusa da mu, amma ba halitta ba ce.

Talatu: An ce in ka ɗora harshe a ƙashin da ya zama dutse yana kamawa.

Malam Idi: Yakan kama, saboda cikinsa kamar soso yake. Amma katangar tsohuwar tukunya ma tana kamawa, ƙashin saniya na tsohon juji ma haka. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci.

Habu: To ina na gasken suke?

Malam Idi: Ba su yi mana nisa ba. Ƙasar Sakkwato teku ta taɓa rufe ta. Farin dutsen Kalambaina da ake siminti da shi cike yake da ƙwaryar halittun ruwa, kuma akwai wani ƙaton mai rarrafe na teku da aka raɗa wa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. A Ashaka ta jihar Gombe ana fitar da ƙwaryar wasu halittun teku nannaɗaɗɗu kamar ƙahon rago, da layuka a jere tsaf. A Nijar kuwa, a Gadufawa cikin hamadar Tenere, ƙasusuwa a fili suke kan rairayi. Can Bafaranshe Philippe Taquet ya samo dainason da ya sa wa suna Ouranosaurus a 1976, can kuma aka samo wani dainason, Nigersaurus, mai haƙora sama da 500.

Talatu: In mutum ya tsinci abin da yake shakka fa?

Malam Idi: Kada ya fasa, kada ya kankare. Ya ɗauki hoto a inda yake kwance, ya riƙe zurfin da irin ƙasar, ya nufi sashen nazarin duwatsu a Jami'ar Bayero. Habu, kada ka je wa mai gonar da wannan magana kai kaɗai. Bayan la'asar mu tafi tare, ina so in tona tulin ƙasar da aka zubar a bakin rijiyar, in nuna masa 'yan'uwan dutsen nan ƙanana da idonsa.

Habu: To Kawu, Allah ya kai mu.