Wannan Baƙin Dutsen Daga Sama Ya Faɗo?

Assalamu alaikum 'yan uwa na Kumasi. Mutum ya tsinci baƙin dutse mai nauyi, ya kara masa mayen ƙarfe ya manne, kafin la'asar labari ya cika Aboabo: dutsen sama ne, arziki ya zo.

A dakata tukuna. Kashin maƙera ma yana kama mayen ƙarfe, kuma garin da ake narka ƙarfe kullum a Suame Magazine ba ya rasa shi. Juya dutsen ka duba. In ka ga ƙananan ramukan kumfa a jikinsa, da wuya ya zama na sama: wutar ɗan Adam ce ta dafa shi, ko kuma aman wuta na dutse. Goga shi a bayan tayil, wajen da ba santsi. Ya bar jan layi ko baƙi ƙirin? Tama ce ta ƙasa.

Masu cewa ai a gefen tafkin Bosumtwi suka samo, gaskiya ne dutsen sama ne ya haƙa ramin, shekara wajen miliyan 1 da suka wuce. Amma abin da ake tsinta a can duwatsun wurin ne da bugun ya farfasa ya narkar.

Hukunci yana ɗakin gwaje-gwaje, kuma sai ka yarda an yanka dutsen. Nan ne da yawa ke noƙewa. Masana za su fere ɗan yanki har kaurinsa ya koma milimita 0.03, haske na ratsa shi, su sa a madubin ƙara girma. Suna neman wasu 'yan dunƙule-dunƙule kamar ƙwayar gero, waɗanda suka daskare tun kafin duniya ta haɗu. Dutsen ƙasa ba shi da su. Sai a auna nikel, wani irin ƙarfe: ƙarfen sama yakan ɗauki kashi 5 cikin 100 ko fiye. In dutsen ƙarfe ne zalla, a goge fuskarsa a zuba asid, a yawancinsu sai layuka masu saƙa su fito, alamar ƙarfen ya yi miliyoyin shekaru yana hucewa. Ba maƙerin da zai iya wannan.

Wani na gaskiyar ma da ƙyar mayen ƙarfe ke jansa. Irinsa ne wanda ya faɗo a Zagami ta Katsina a 1962, mai nauyin kilo 18, wanda bincike ya nuna daga duniyar Mars ya zo.

Ka fara da sashen ilimin duwatsu na jami'a, ko hukumar binciken ƙasa a Accra. In ya tabbata, ƙungiyar masana duwatsun sama ta duniya, Meteoritical Society, ba ta yi masa rajista sai an ajiye giram 20 ko kashi 20 cikin 100 na dutsen, wanda ya fi ƙanƙanta, a wata cibiya da ta amince da ita.