Likita a Waya: Me Ya Sa Likitocinmu Ke Ɗari-ɗari?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau kan duba mara lafiya daga nesa ne, ta waya ko intanet, abin da ya bunƙasa a duniya tun annobar korona ta 2020, ake kuma ta yi mana tallarsa a matsayin maganin ƙarancin likitoci a jihohi irin Zamfara.

A baki kam abin da daɗin ji. Mai juna biyu a Ɗansadau, wadda hanyar Gusau ta zame mata kasada saboda 'yan bindiga, ta ga likita tana zaune a garinsu. Sai dai likitocin kansu ba su cika zumuɗi ba, har wasu na cewa ƙyuya ce ko tsoron sabon abu. Ni kam ban yarda ba.

Aikin likita da hannu aka koya masa. In aka kawo yaro da zazzaɓi, sai ya ja fatar idonsa ya ga ko jini ya yi ƙasa, ya danna cikin ya ji ko saifa ta kumbura, ya kasa kunne a ƙirji. Hoton da aka ɗauka da hasken tocila a ɗaki mai duhu ba zai nuna masa ko ɗaya ba. In kuwa ya rubuta magani aka samu akasi, shi za a kira gaban hukumar likitoci, lasisinsa ne a kan siraɗi, ba na kamfanin waya ba.

Kuma mu 'yan Zamfara ai ba mu manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar, mutum sai ya tsallaka wata jiha kafin ya gaisa da ɗan'uwansa. Wanda ya ga haka, yaya za ka ce ya rataya ran majinyaci a kan sabis?

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, likitocin nan sun daɗe suna yin aikin, suna ne kawai ba a raɗa masa ba. Cikin dare ma'aikacin lafiya a wani ƙauyen Anka ko Bukkuyum zai fita neman tudun da sabis ke kamawa, ya turo hoton ƙafa mai ruɓa ta WhatsApp, ya biyo da murya: “Dokta, don Allah duba mini wannan.” Likita ya tashi daga barci ya yi tambaya uku huɗu, ya ce a ba da kaza, ko a taho da shi gobe da sassafe ko ta halin ƙaƙa. Ba a rubuta a fayil ba, ba doka a bayansa, ba alawus.

Saboda haka kafin mahukunta su sayo manyan allunan bidiyo, su fara da horar da wancan ma'aikacin na ƙauye, tunda shi ne hannun likita a can, su sa wa ɗakin shan maganinsa sola, su kuma fayyace wanda zai ɗauki alhaki in an yi kuskure. Kuɗin datar ma har yau daga aljihun su biyun yake fita.