Jawabin Maraba Daga Kwamitin Melbourne Knights Ga Mai Girma Ministan Wasanni Na Jihar Victoria

Mai girma Minista, dattawan ƙungiya, masu horarwa, 'yan wasa da iyayen yara, barkanmu da yamma.

Ranka ya daɗe, sannu da hanya, barka da zuwa filinmu na Sunshine North. 'Yan Kuroshiya da suka yi ƙaura zuwa Ostareliya bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne suka kafa wannan ƙungiyar ƙwallon ƙafa a 1953, da sunan SC Croatia. Ta shiga gasar ƙasa ta NSL a 1984, ta ɗauki kofi sau biyu a jere, 1995 da 1996. Rumfar da kake zaune a ƙarƙashinta sunan Mark Viduka ke jikinta, yaron da ya tashi daga nan a 1995 zuwa Zagreb, daga can Celtic, sai Leeds. Josip Šimunić ma ciyawar nan ya taka kafin ya tafi Jamus. Da aka rufe NSL a 2004, aka buɗe sabuwar gasar ƙasa ta A-League ba tare da mu ba, sai muka koma gasar jiha.

Yau 'yan wasanmu ba da ƙwallo kaɗai suke cin abinci ba. Da rana kowa na wurin aikinsa ko makaranta, atisaye sai da yamma, a ƙarƙashin fitila. Ke nan duk wanda zai taka fili, lokaci guda yake taka shi: manya, matasa da ƙananan yara.

Nan gizo ke saƙa, ranka ya daɗe. Kakar wasanmu tana faɗawa cikin hunturu, Yuni da Yuli, lokacin da ciyawar zafi, wato mai tofo a lokacin zafi, ke barci ba ta tofo. Ƙasar yammacin Melbourne kuwa yumɓu ce mai riƙe ruwa. Takalma na danne ta, ruwa ya rasa hanyar sauka, saiwa ta rasa iska, bakin raga ya zama taɓo. Idan taɓon ya bushe sai ya yi tudu da kwari, daga nan targaɗe da ciwon gwiwa. Maganin sananne ne, kuɗinsa ne da nauyi. Tun kafin hunturu ya shigo ake watsa irin ciyawar sanyi a kan ta zafi. A huda ƙasa da inji, a zuba yashi ya cike ramukan. Yanka kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a lokaci guda, a bar shi wajen milimita 25 zuwa 30. Mai gaggawar da ya aske ta ƙasa-ƙasa, ya kashe ta. Amma in babu bututun magudana a ƙarƙashi, duk wannan faci ne kawai.

Abu na biyu takarda ce, kuma ita ƙananan ƙungiyoyi suka fi sakaci da ita. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana da kwantiragi, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na ƙungiyoyin da suka rene shi ne daga shekara 12 zuwa 23. Yaron da ba a yi masa rajista daidai ba a kowace kakar wasa, ko aka rubuta sunansa iri biyu, kason na iya salwanta. Sunayen Kuroshiya masu alama a kan harafi sun fi faɗawa wannan rami. Saboda haka magatakarda, wanda aikin sa kai yake yi, ya kai mai cin ƙwallo daraja a wurinmu.

Roƙonmu biyu ne: a sa filayen ƙungiyoyi irin tamu cikin tallafin magudanar ruwa da fitilu, a kuma shirya wa magatakarda horo kan rajista.

Kafin a busa usur, muna so ka taka da mu zuwa bakin raga ka danna ƙasar da ƙafarka. Daga nan sai kantin abinci, inda masu aikin sa kai suka gasa maka ćevapi, wani abinci na niƙaƙƙen nama. Allah Ya maida kai gida lafiya.