Dujiangyan ba madatsar ruwa ba ce: ga yadda take zubar da yashi

Akwai wani bidiyo da ke nuna Dujiangyan, tsohon tsarin ban ruwa, kuma da yawa daga masu yaɗa shi suna kiran wurin madatsar ruwa. Ku duba da kyau, babu bangon da ya tare kogin. Wannan kogin Min ne a lardin Sichuan na ƙasar Sin, kuma aikin na gwamna Li Bing ne, wajen shekara ta 256 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Wancan dutse mai duhun itatuwa shi ne Qingcheng, inda Zhang Daoling ya kafa ɗariƙarsa ta addinin Tao a shekara ta 142. UNESCO ta sa dutsen da Dujiangyan cikin kayan tarihin duniya a 2000.

To, mu sauko bakin ruwa. Wannan tsibiri mai tsini, Bakin Kifi, shi ke raba kogin biyu. Reshen ciki matsattse ne mai zurfi, na waje mai faɗi ne marar zurfi. Da rani kashi 60 cikin 100 na ruwan yana bin na ciki zuwa gonaki, lokacin ambaliya kuwa kashi 60 ɗin ya koma na waje. Can ƙasa ga Baopingkou, ƙofar da ruwan reshen ciki ke bi zuwa gonaki, tsaga mai faɗin kusan mita 20 da aka fasa a jikin dutse, ana gasa shi da wuta ana watsa masa ruwan sanyi.

Yanzu ga inda ake ruɗewa. Kogin Min yana ɗauko yashi da tsakuwa daga tsaunuka, me ya hana su toshe tsagar? Wannan ɗan gajeren shinge, Feishayan, tsayinsa daga gindin kogi zuwa sama kusan mita 2 kacal. Reshen ciki yana yin kwana a nan, sai ruwan ya riƙa murɗawa: na sama, mai tsabta, ya nufi tsagar, na ƙasa mai yashi ya karkata ta kan shingen ya koma reshen waje. Ku juya shayi a kofi, za ku ga ganyen ya taru a tsakiyar gindinsa. Ƙarfi ɗaya ne ke aiki.

Shi ya sa gajartar shingen ita ce hikimar da ta fi burge ni. Idan aka ƙara masa tsayi, yashi da ambaliya za su kwarara filin Chengdu, inda gonakin suke. Idan aka rage, gonaki su rasa ruwa da rani. Ƙa'idar magabata ita ce a yashe da zurfi, a bar shinge ƙasa-ƙasa. A da, duk hunturu akan yashe reshen ciki har sai an tarar da sandunan ƙarfe da aka binne a gindin kogin, daga nan a tsaya.