Kufan Delos: Birnin da Ya Ɓoye Ruwansa a Ƙarƙashin Tsakar Gida

Jama'a, barkanmu da haɗuwa. Delos ɗan ƙaramin tsibiri ne a ƙasar Girka, kusa da Mikonos, tsawonsa bai wuce kilomita 5 ba. Ƙasa ce ta duwatsu, mai ƙarancin ruwa. Ku riƙe wannan batu na ruwa, domin shi zai buɗe muku tsarin garin.

In ka sauka daga jirgin ruwa a gaɓar yamma, kasuwa ce za ta fara tarbar ka. Hannunka na hagu, wato arewa, harabar bautar Afolo ce, abin bautar Girkawan dā, inda haikali uku suke jere, yau sai harsashinsu. Gaba kaɗan ga zakunan marmara da mutanen tsibirin Naksos suka kafa, suna fuskantar tafkin da mutanen dā suka ɗauka mai tsarki. Tafkin ya ƙafe, an tsiyaye shi a 1925 saboda zazzaɓin cizon sauro. Zakunan da ke waje ma kwaikwayo ne, na ainihin an shigar da su gidan tarihi a 1999, don iskar teku mai gishiri tana cin dutsen.

Wajen 167 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Rumawa suka ɗage haraji a tashar jiragen ruwan Delos, fatake suka yi ta kwararowa. Shi ya sa unguwar da ke kudu, mai hawa zuwa dandalin wasan kwaikwayo, ba a shata ta da igiya ba. Lunguna ne matsattsu masu karkace-karkace, an shimfiɗa musu falalen dutse, magudanar ƙazanta na bi ta ƙasa.

To, shiga gida ɗaya. Ɗakuna sun kewaye tsakar gida, ginshiƙai na riƙe da rumfa. Rufin ya karkato ciki, duk ruwan saman da ya sauka sai ya gangara ramin da aka haƙa a ƙarƙashin tsakar gidan, wanda aka shafe da farar ƙasa mai hana yoyo. A saman ramin aka yi daɓen ƙananan duwatsu masu launi, irin na Gidan Diyonisus. Ku dubi bakin rijiyoyin marmara da kyau, za ku ga inda igiyar guga ta ci dutsen har ta yi masa zane. Wannan sawun ya fi mini kowane gunki daraja.

Dandalin wasan ma ba a bar ruwansa ya tafi a banza ba. Kwata ce ke kwashe shi zuwa babbar matattara a gefe. Rufinta ya rufta, amma bakan gizo takwas da suka ɗauke shi suna nan tsaye.

Dakarun Mitiridatis, sarkin Fontus, sun afka wa garin a 88 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), 'yan fashin teku suka ƙarasa a 69. Masana daga Faransa sun fara tono a 1873, kuma har yau ana aikin. Abin da ke damun su yanzu shi ne tekun da ke tasowa, yana shiga shagunan bakin gaɓa yana jiƙa gindin bango.