Goge manhaja daga waya ba ya hana a ci gaba da cire maka kuɗi

Assalamu alaikum. 'Yan uwa masu aikin zane da haɗa bidiyo, maganar yau ta aljihunku ce.

Da yawa sun ɗauka da zarar ka goge manhaja daga waya, shi ke nan an rabu. Ina! Kuɗin da ake cira duk wata yana ɗaure ne da asusunka na Google Play ko na Apple, ko da katin bankin da ka saka. Ko manhajar ba ta kan wayarka, alat zai ci gaba da shigowa. Sai ka shiga asusun, wurin biyan kuɗi, ka soke da hannunka. Masu iPhone, in gwajin kyauta kuka shiga, ku soke aƙalla awa 24 kafin wa'adin ya cika.

Inda nake so mu daɗe shi ne kamfanin Adobe, tunda kusan kowa a cikinmu yana taɓa manhajarsu ta gyaran hoto, Photoshop. Suna da wani tsari da za a nuna maka farashin wata, alhali yarjejeniyar ta shekara guda ce. In ka fita cikin kwana 14 na farko, a mayar maka da kuɗinka. Ka wuce nan, sai a caje ka rabin kuɗin watannin da suka rage. Ku lissafa da ni: ka yi wata biyu ka ce ka fasa, saura wata goma, to kuɗin wata biyar za ka biya kafin a sallame ka. A watan Yunin 2024 gwamnatin Amurka ta maka kamfanin a kotu, tana zarginsa da cusa wannan tara cikin ƙananan rubutu, da wahalar da mai son fita. A ganina, wanda ya sa shiga ta zama dannawa ɗaya, fita kuma sai an yi ta zagaye, ya san abin da yake yi.

A Najeriya muna da FCCPC, hukumar da ke kare haƙƙin masu sayayya, bisa dokar kare masu sayayya da aka sa wa hannu a 2019. Amma hukuma hujja take so. Ranar da ka soke, ɗauki hoton shafin, ka adana saƙon imel ɗin da suka turo. In an sake cira, rubuta wa kamfanin, ka je bankinka da hujjar, in an ƙi saurarenka ka kai ƙara FCCPC.

Wanda kuma katin wayarsa ake zaftarewa kan abin da bai nema ba, wannan hurumin NCC ne, hukumar kula da harkar sadarwa ta Najeriya. Ya fara da kamfanin layinsa, in ba a gyara ba ya kira 622, kiran kyauta ne.